Ana Rigimar Abarba, Zukini Ya Haye Fiza

In kana son dattijon Italiya ya manta da furfurarsa, ce masa ka ci fiza da abarba a kai. Mutanen birnin Naples ba sa wasa da abin nan. Tun 1984 suke da ƙungiyar da ke tsare ƙa'idar fiza ta asali, a 2017 kuma UNESCO ta sa sana'ar masu gasa ta cikin al'adun duniya da ake tattali. Tumatir, cuku, ganyen ɗoɗɗoya, a wurinsu magana ta ƙare. Wanda ya jawo fitinar wani ɗan asalin Girka ne, Sam Panopoulos, da ya ɗora abarba a kan fiza a shagonsa na Kanada a 1962. Har shugaban Iceland na lokacin, Guðni Jóhannesson, ya ce a 2017 da yana da iko da ya haramta ta. Ƙasar da wannan ne ke damun shugabanta, ai sai a yi mata barka.

Ana can ana kumfar baki, zukini ya lallaɓa ya haye fiza babu wanda ya ce uffan. Ɗan'uwan kabewa ne mai siffar kokwamba, cikinsa kusan duk ruwa. Ba daɗi ya kai shi can ba, yawa ne. Mai lambu a Ingila ko Amurka ya shuka gindi biyu, da zafi ya shigo sai su kama haihuwa ba hutu. Wanda aka raina yau, jibi ya kai damtse. A soya, a gasa, a goge a cusa a ƙullun burodi, a yanyanka siri-siri a ce wa yara taliya ce. Yaran kuwa ba wawaye ba ne.

Sai gida ya ƙoshi ake tuna zumunci. Maƙwabcin da aka shekara ba a gaisa da shi ba, ga sallama a ƙofarsa: "Maƙwabci, ga ɗan abin lambu, ba yawa." Ba yawan nan kwando ne shaƙe. Masu barkwanci a Amurka har rana suka ware, 8 ga Agusta, ta ajiye wa maƙwabci zukini a bakin ƙofa a sulale kafin ya leƙo.

Wanda aka kai wa ya yi godiya har da dafa ƙirji. Ya jera shi a kan fiza, ya gayyaci mai kyautar cin abincin dare, ya tura masa yanka uku, ya tsaya a kansa yana cewa ya ƙara.