Zo Ka Yi Bazarar a Gazawa, Ɗan Gwaggo

Ɗan gwaggo, bawana na gado, hotunanka sun iso. Goma sha bakwai na ƙirga a WhatsApp kafin cajin wayata ya ƙare. Ga ka nan cikin wata rigar sanyi mai kumburi kamar buhun audugar rimi, ka tsuguna tsakiyar furanni ja da rawaya, kana washe baki sai ka ce kai ka shuka su. A ƙasa ka rubuta wai "hutun bazara a Holan". Na kai wa gwaggo wayar. Ta daɗe tana duba, sannan ta ce a tambayo mata kai: wace irin bazara ce ake sa wa rigar sanyi?

Wanda ya fara kiran wannan lokaci nasu da sunan bazara bai taɓa kwana a Gazawa cikin watan Afrilu ba. Su a can lokacin ne sanyi ke sakin su, itatuwa su yi toho, kowa ya fito shan hantsi kamar ƙadangare. Mu nan zafi ya haura 40, kaza ta saki fukafukai ta hangame baki, ruwan randa ya koma na alwalar tsoho, gari duka ya kwashi tabarmi ya kwana a waje. Ka san wannan sarai, don kai ne yaron da ake yi wa wanka sau uku a yini saboda ƙurajen zafi.

Na sa an binciko mini lambun naka. Keukenhof sunansa, kusa da garin Lisse, faɗinsa hekta 32, kuma mako takwas kacal ake buɗe shi a shekara. Ƙwaya kusan miliyan 7 suke binnewa da hannu kafin sanyi ya shigo. To ƙwayar mece ce? Wadda ake ce wa tulif ɗin nan, in ka tono gindinta, albasa za ka gani, albasar da ba ta shiga miya. A kanta mutanen Holan suka taɓa zarewa, har ƙwaya ɗaya ta kai kuɗin gida, kafin kasuwar ta rufta da su a watan Fabrairun 1637. Sai da yunwa ta matsa masu a sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, sannan suka tuna abin da Allah ya yi albasa dominsa, suka dafa ta suka ci. Kai kuwa ka biya jirgi, ka biya kuɗin shiga, don ka ga hudar albasa. In mutanen Galmi suka ji, ba za su bar ka ka wuce ta garinsu ba sai sun yi maka kuɗin kallo.

Sai hoton da ka yi a gidan tarihin Amsterdam, gaban zanen nan da Rembrandt ya gama a 1642, ka riƙe haɓa kamar mai lissafin gado. Shekara nawa kake Yamai? Gidan tarihin Bubu Hama yana nan tun 1959, ƙafarka ba ta taɓa taka shi ba. A can aka ajiye itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai tilo a tsakiyar hamada, har wani direban babbar mota ya rasa abin da zai banka a 1973 sai shi. Duk faɗin Sahara! Ba na raba ɗaya biyu, direban nan ɗan mace ne kamarka.

Hoton da kake cin ɗanyen kifi kuwa ban nuna wa gwaggo ba, don ina tausayin zuciyarta. Ka kama shi ta wutsiya, ka ɗaga kai sama, ka zura kamar zalɓe. Kai da ake roƙo kafin ka ɗanɗani soyayyar fara, wai tana tayar maka da zuciya.

Tunda yawon gari kake so, da fure da tarihi da abinci, na shirya maka naka. Ka hau kwalta daga Yamai, ka tsaya Gidan Rumji ka sayi kilishi, nawa nake nufi, kai ka iya shaƙar ƙamshin. A Tibiri ka sauka ka kai gaisuwa fadar Sarkin Gobir, ka cire takalmi, ban da riƙe haɓa. Maraɗi ka ɗauko mangwaro, yanzu ne lokacinsa. Cadawa kuma aya, tiya biyu, a yi maka kunun da zai wanke maka ƙarnin kifin nan.

Daga Agye sai ka buɗe ido, nan lambunmu ya fara. Dubi gawo a gonaki, kore shar a tsakiyar ƙuna, ga awaki a gindinsa suna tsintar 'ya'ya. Damina na sauka zai kakkaɓe ganyensa ya bar wa hatsi rana da taki. Komai nasa a baibai yake yi, kamar kai, sai dai shi baibaicinsa na da amfani. Waɗannan itatuwa ba dasa su aka yi ba. Tun shekarun 1980 manoma suka sauya salon sassabe, suka riƙa barin tohon da ya fito daga kututture suna yi masa aski har ya zama itace. Ƙauyen Ɗan Saga a nan ƙasar Agye ya yi suna a kan haka. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma cikin waɗanda suka kai labarin duniya har da Chris Reij, mutumin Holan ɗin taka. Shi ya baro albasarsu ya zo kallon gawonmu, kai ka baro gawo ka tafi kallon albasa. Wataƙila ma kun yi saɓani a sama.

Fure kuma akwai. Ka bari sai bayan isha'i, iska ta ɗan motsa, ka zauna gindin bedin ƙofar gida ka ji ƙamshin hudarsa. Tumfafiyar bayan gari ma tana da nata, fari da shunayya, ba mai karɓar ko dala a hannunka.

Gidan tarihi shi ne ɗakin gwaggo. Akwai akushin kaka, da jeren tasoshin aurenta, da dutsen niƙan da ya girme mu duka, da ƙwaryar da aka ɗinke sau uku, wadda har gobe a cikinta furar gidan ta fi daɗi. Can ƙarƙashin gado kuma ga allonka, rubutun da ka gudu ka bari yana nan ba a wanke ba. 'Ya'yan maza kyauta muke shiga, 'ya'yan mata sai sun biya, kuma za a haɗa maka da kuɗin sharar shekara uku da nake bin ka.

Rigar sanyin nan kada ka baro ta. Gwaggo ta ce za ta jiƙa ta, ta naɗe tulu da ita, ko ruwan ya yi sanyi.