Tsohuwar Tarakta da Shirin Hunturu

A ƙasashen Turai da Amurka, idan sanyi ya gabato, ana ɗaura wa tsohuwar tarakta faifan ƙarfe a goshi don ture ƙanƙara daga hanya. A Watari, cikin ƙaramar hukumar Ɓagwai, ƙanƙara sai ta sanyaya zoɓo. Abokiyar gabar tantan a nan ita ce ƙurar hunturu, aikin da ke jiranta kuwa noman rani ne a bakin madatsar ruwa.

Misali mai kyau shi ne Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai injin Perkins na silinda uku. Sau da yawa ta girmi direbanta, saboda haka ake lallaɓa ta kamar surukuwa.

Shiri yakan fara da matatar iska, domin ƙura na toshe ta har injin ya riƙa tari kamar mai asma. Sai a juye baƙin mai, a wanke lagireto, a shafa giris a gaɓoɓi. Ƙarfen da ya ci, akan neme shi a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano; in ba a samu ba, mai walda ya ƙirƙiro ɗan'uwansa.

Babban aiki yana wajen batir. Da asubar sanyi injin dizal ba ya son tashi, shi ya sa direba mai dabara kan kwantar da taraktar a kan gangare don ta gangara ta tashi. Inda babu gangare, akan tara majiya ƙarfin unguwa su tura, ladansu kuma baƙin hayaƙin da take fesa musu idan ta ga dama ta tashi.