Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Jujin Cominak

Ranka ya daɗe,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, don kai ba ka ciwo, sai dai ka sa wa wani. Addu'ar tsawon kwana ma ba ka buƙata. Masana sun ce sinadarin radiyom da ke cikinka sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, toriyom kuwa sai wajen shekara 75,000. Mu da ake yi wa barka in mun kai saba'in, ina mu ina ja da kai?

Yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami. A duk sha'anin yuraniyom na ƙasar nan, kai kaɗai ne bayanin da aka baje a fili. Ba a rubuta takardar neman izini kafin a gan ka, ba a cewa a dawo gobe shugaba ya yi tafiya. Ga ka nan, tan miliyan 20, ka mamaye hekta 120, ka miƙe sama da mita 30. Daga 1978 zuwa 31 ga Maris 2021 mahaƙar Cominak ta fitar da yuraniyom kusan tan 75,000. Shi ya bi hanyar Kwatano ya hau jirgin ruwa, kai aka bar mana amana. Kuma ba ka da rowa: iska na tasowa za ka aiko wa kowane gida rabonsa, ba ka tambayar wa ya yi aiki a rami, wa bai yi ba.

Da ma sauran 'yan'uwanka bayanai sun yi koyi da kai. Su kunya gare su, ba sa fitowa sai baƙo ya zo. A Disamban 2003 ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, aka riƙe musu na'urori tun a filin jirgin Yamai. Da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka gano ƙarafa masu tururin guba a kasuwar Arlit, irin waɗanda mutane ke saye su yi rufi da kayan gida. A 2007 aka auna titi a gaban asibitin Cominak, nan Akokan, aka sami tururin ya ninka wanda aka saba samu sau 100. A gaban asibiti fa, ranka ya daɗe, inda ake zuwa neman sauƙi! Aka ce an share. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo da tata na'urar, ta sami wani wuri a titin garin ya kusa ninki 500. Ruwan da suka ɗiba a wuri biyar a yankin Arlit, huɗu sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya.

Kamfani zai ce yana awo, yana kai rahoto ga mahukunta. Ban musa ba. Amma awon da ke kwance a ofis, cikin Faransancin injiniyoyi, me ya tsinana wa mai garuwa da ke son sanin wace rijiya zai ɗiba? An kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata ta jihar Agadas a 2011. Shekara na zagayowa ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda da ita aka ƙulla yarjejeniyar kafa cibiyar, ta janye, ta ce abin ya koma gyaran suna. Ma'aikata wajen 600 da rufe ramin ya sallama, da ɗaruruwan 'yan kwangila, kowannensu na da haƙƙin riƙe lissafin abin da jikinsa ya sha, ya kai wa likitan da ya ga dama.

Wajen kuɗi ma haka. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, a aya ta 150, ya ce a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da suka shigo a jaridar gwamnati. Doka ta ware wa ƙananan hukumomin yankin kashi 15 cikin ɗari. A 2017, shekarar da badaƙalar cinikin yuraniyom ta sefa miliyar 200 ta fasu a jaridu, Nijar ta fice daga ITIE, tsarin bayyana kuɗin ma'adinai, sai 2020 ta koma. Wanda bai san nawa ne ɗarin ba, ta yaya zai ƙirga sha biyar ɗinsa?

Na ji an ɗinka maka riga: yumɓu da dutse, kaurin mita 2, cikin aikin gyara na sefa miliyar 95. Ina taya ka murna. Tsorona dai kada ranar da aka gama rufe ka, ɗan abin da muke gani da ido ma ya shige duhu. A Yunin 2025 gwamnati ta karɓe kamfanin yuraniyom na Somair daga hannun Orano na Faransa, mabuɗin ɗakin takardunsa ya dawo gida. Yanzu ba sauran cewa baƙo ne ya kulle.

Tun da manya na kawo maka ziyara, ga saƙo ka isar. A kafa allo a bakin kasuwa, duk wata a rubuta sakamakon awon ruwa da iska, rijiya-rijiya, unguwa-unguwa, da Hausa da Tamashek, a kuma karanta a rediyo. A sa ɗanyen alƙaluman a intanet, ɗaliban Jami'ar Agadas su sake awo su gwada. A ba kowane tsohon ma'aikaci takardarsa a hannu. In sun ce babu kuɗin allo, mu za mu yi karo-karo mu saya, har da alli.

Naka,
Wani maƙwabcinka da ba shi da halin tashi.