Masu Farautar Labari a Jabo

Tun da wayar hannu ta ƙwace aikin alƙalami, marubuta suka yi yawa a ƙasar Hausa. Da can sai mutum ya kai rubutunsa Zariya ko Kano ya jira maɗaba'a ta ga dama. Yanzu da yatsa biyu da rabin caji an zama marubuci. Daga Jabo zuwa Tambuwal, Dogon Daji da Sanyinna, a gangara Kebbe da Kuchi, da wuya ka zauna majalisar matasa ba ka ji wani ya ce yana da littafi a kai ba. Littafin yana kai ɗin. Abin da za a zuba a cikinsa ne ake farauta, kuma kowane mafarauci da irin tarkonsa.

Mai jiran ilhami. Ya sayi littafin rubutu mai kaurin bango, ya yi bisimilla a shafin farko, ya rubuta "Babi na ɗaya", ya ja layi biyu a ƙasa. Nan aiki ya tsaya. Kullum yana gindin dogon yaro kan tabarma yana kallon sama. In ka tambaye shi, sai ya ce, "Ba a yi ma hikima gaggawa, abin daga sama shika zuwa." To, a daren 25 ga Disamba 2025, da Amurka ta harba makamai masu linzami jihar Sakkwato, ɓaraguzan wani suka faɗo a gonakin Jabo. Sama ta yi ja, gari ya firgita, Allah ya tsare ba a rasa rai ba, sunan garin ya zaga duniya. Aka ce, "Malam, ga abin da kaka jira ya hwaɗo bayan gari." Ya gyara hula ya ce, "Wanga ai na 'yan jarida na. Ni na soyayya nika jira."

Ɗan Bombai. Rijiyarsa ɗaya ce: finafinan Indiya masu fassara. A littafinsa tagwaye sukan rabu a kasuwar Tambuwal, attajiri ya tsinci ɗaya, ɓarawo ya tsinci ɗaya, sai bayan shekara ashirin a gane su da rabin sarƙa. In an yi ruwan sama budurwa takan fita fili tana juyi, alhali a Jabo ruwan farko in ya sauka kowa iri yake nema ya nufi gona. Ka ce masa ya yi aro, ya ce ai Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce. Gaskiyarsa. Sai dai Imam in ya yi baƙo yakan yi masa wanka, ya sa masa riga da rawani, ya koya masa gaisuwar fada, har a manta daga ina ya zo. Baƙon Ɗan Bombai kuwa har labari ya ƙare yana kaɗa kai yana haɗa tafuka.

Kunnen gari. Shi ba ya rasa abin rubutawa. Teburin mai shayi, tasha, injin niƙa, gidan biki, duk ofisoshinsa ne. Wa ya saki wa, wa ya ci bashin taki ya ɓuya, wace amarya ta yi yaji kafin sati, duk suna cikin wayarsa kafin la'asar. Matsalarsa rowar canza suna: Bala ya koma Balarabe, mai babur ja ya koma mai babur jaja-jaja. Mutane na rububin karatu, ba don daɗin labari ba, don a gano da wa ake. Babi na uku kan kai shi gaban mai unguwa, na huɗu kuwa ban haƙuri ne. Abin takaici, kayansa sun fi na kowa kyau, sarrafawa ce babu. Balaraba Ramat Yakubu ma daga rayuwar da ta sani ta ɗebo, ta auren wuri da cire yarinya daga makaranta, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, amma mata dubbai ne suka ga kansu a ciki, ba maƙwabciya ɗaya ba.

Mutuniyar Maitama. Iyakar tafiyarta Jega, amma taurarinta ba sa kwana biyu ba su leƙa Dubai ba. Jarumin ɗan minista ne, likita ne, matuƙin jirgin sama ne, yana kuma taɓa aikin soja in ya samu sarari, duk yana ɗan shekara 27. Ba ya murmushi sai ranar da motarsa ta watsa wa mai tallar fura ruwan taɓo. Karin kumallo kaɗai yakan ci shafi biyu. A littafinta ba a taɓa ɗauke wuta ba, ko da yake babi na gaba yakan makara saboda wayar tana shagon mai caji. Yayanta manomin albasa ne a fadama: ya ci bashi, ya sa ranar aure bisa lissafin girbi, farashi ya karye, surukai suna jira, wani mai kuɗi yana zagayen gidan yarinyar. So, fargaba, kishi da makirci duk sun haɗu a zaure ɗaya. Ka nuna mata, ta taɓe baki: "Wa ka karanta labarin albasa?"

Magajin tarihi. Wannan mai ƙwazo ne, Allah ya sani. Ya zauna da dattawan fadar Sarkin Burmi, ya je Gwandu, ya ziyarci Hubbare a Sakkwato. Jihadin 1804 da yaƙin Giginya na 1903 suna bakinsa kamar jiya aka yi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne duk tsohon da ya tambaya, kakansa ne ya riƙe tuta, har tutocin sun fi mayaƙan yawa. Maimakon ya gane nan ne labarin yake, sai ya ce sai ya tantance. Bello Kagara bai jira tantancewa ba: ya ɗauki yaƙin Kwantagora da Turawa, da tarihi ya ƙare masa ya shigo da aljannu, Ganɗoki ya fito a 1934. Magajin tarihi kuwa kullum saura tsoho guda a Kuchi. Takardunsa sun cika buhu, kuma zuwa yanzu gara ce kawai ta bi su shafi-shafi.

Mai huce haushi. An hana shi yarinya an ba ɗan kasuwa. Tun daga ranar duk labarinsa ɗaya ne: budurwa ta guji malamin makaranta mai haƙuri, mijin ya karye, ta dawo tana kuka, malamin ya riga ya zama gwamna. Ya rubuta shi sau biyar da suna biyar. Ita kuwa tana can da 'ya'yanta lafiya lau, ba ta ma san ana yi ba.

'Yar gasa. Shekara guda kanta a bushe, sai BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata, wadda aka fara yi wa mata a 2016, nan take basira ta motsa, galibi a daren rufewa. In an yi mata dariya tana da hujja mai ƙarfi: Ruwan Bagaja, Shehu Umar da Idon Matambayi duk gasar 1933 ce ta haife su. Ba ta dai faɗin cewa masu su sun gama rubutun kafin a rufe.

Mai tsoron ɓarawo. Yana da labarin da zai girgiza Kano. Ba ya faɗa don kada a sace, ba ya rubutawa don kada a leƙa. Ya ɓoye shi da kyau, har shi kansa ya fara manta farkonsa.

Mai gamawa. Ita ce ba a cika lura da ita ba, don ba ta cewa tana da littafi a kai. Ta ga abu ƙarami: wata tsohuwa da ke zuwa tasha duk ranar kasuwa tana leƙa motocin da suka taso daga kudu. Ta tambayi kanta: wa take jira? In ya zo fa? In wani ne ya zo da jakarsa fa? Ta ɗauki harshen mutanen garin, ta ɗan yi aro inda ya dace, ta ƙara ƙaryar da labari ke buƙata, ta zauna bayan isha'i tana shafi ɗaya-ɗaya har ta rubuta "Tammat". Tunanin da ta fara da shi bai fi na sauran ba, na wasu ma ya fi nata. Zaman ne ba su yi ba.

Ranar da labarinta ya fito, majalisa takan cika. Kunnen gari ya rantse ya san tsohuwar. Magajin tarihi ya gano kuskuren shekara. Ɗan Bombai ya ce da an sa waƙa da ya fi armashi. Mai tsoron ɓarawo kuwa ya dafa kai ya ce, "Wallahi nawa na ta sace!" Aka ce to ya kawo nasa a gwada. Ya ce sai ya tuna.