Tsatsa da Ma'abota Ƙarfe a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya taɓa yin damina guda a ƙasar Kabi, ya ga yadda gulbin Rima kan cika ya malale fadamu tun daga Argungu har gindin Birnin Kebbi, ya kuma ji yadda laima kan kutsa ɗaki ta kama tufa da littafi, ba ya bukatar a kafa masa hujja cewa ƙarfe ba shi da maƙiyi a nan kamar watan Agusta. Amma ni, bayan shekarun da na ɓatar wajen tara wuƙaƙe da takubba, na sakankance cewa laima tana da uzuri, domin ɗabi'arta ke nan, masu ƙarfen su ne abin tuhuma.

Limaminsu wani kawuna ne a Argungu, wanda zumunci ya wajabta mini gaishe shi duk lokacin da na shiga gari. Yana da takobi rataye da hamilarsa jikin bangon ƙasa, daidai inda ruwa kan tsattsafo, kuma ba ka gama tambayar iyali ba sai ka ji ya aiki yaro ya ɗauko. Zare shi aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe kube, ɗaya ya dafe ƙafa ya ja, har ya fito da ƙara irin ta ƙyauren da ya shekara a rufe, jan gari yana zuba bisa tabarma. Daga nan sai isnadi. Farkon sanina da takobin, ya halarci yaƙin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a 1849. Da na yi aure sai riwaya ta mayar da shi 1805, ranar da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Bara kuwa na iske ya isa Surame, yana hannun wani barden Sarki Kanta, watau a cikin shekara ashirin tawa shi ya tsufa da shekara ɗari uku. Na taɓa yin gangancin kai masa man keke da tsumma mai tsabta, na bi shi da ladabi ina bayanin cewa fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe danshi, tana kuma cin ƙarfe in aka bar su manne damina bayan damina. Ya dube ni irin kallon da malami kan yi wa almajirin da ya karya harafi, ya ce, "Ɗana, duk bokon ga naka ba ka rabe tsatsa da jinin maza?" Na ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Kawu," na mayar da kwalbata aljihu. Ga shi kuma wajibi ne kowane baƙo ya shafa ya ji kaifi, saboda haka gishirin gumi ya buga tambarin yatsun jama'a tun daga gindi har tsini, kai ka ce rajistar masu ziyara ce. Ranar da na raka shi gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar nan da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna cikinta har 1942 kafin a mai da ita ma'ajiyar tarihi a 1958, ya zaga takubban da ke ciki hannu a baya, ya yanke hukuncin cewa duka ƙannen nasa ne. Wani tsohon maƙeri ya taɓa raɗa mini cewa ƙarfen sifirin mota ne, ubansa ya ƙera shi. Wannan riwaya na binne ta, don ban ga maslahar ruwaito ta ba.

Sauran ba su kai a daɗe a kansu ba. Akwai mai mazhabar man gyaɗa, wanda kan malala wa wuƙa mai kamar zai soya ta, bayan wata uku man ya yi ɗoyi ya daskare kamar ƙaro, kiyashi sun yi sansani a kube. Akwai mai wasiwasi, wanda ba ya ganin ɗigon tsatsa sai ya ɗauki magagari da dutsen washi, har wuƙar da ya gada mai faɗin yatsa uku ta koma basilla. Akwai ɗan zamani mai naɗe ta a leda ya ɗaure tamau, bai san ya kulle ɓarawo a cikin ɗaki ba. Sai dillalin lokacin bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka faro a 1934, wanda shi tsatsa ce jarinsa: ya sayi sabuwar wuƙa a maƙera, ya turbuɗe ta cikin laka da gishiri, kafin a buga bindiga masunta su auka kogin Matan Fada da homa da gora ta zama kayan kakanni. Shi ma dariya yake ba ni.

Wanda ba ya ba ni dariya shi ne mai aro. Jajibirin Babbar Sallah yake zuwa, da sallama mai tsawo da addu'a ga iyaye, ya ce, "Malam, a taimaka mini da 'yar wuƙar nan, yanka ɗaya kawai." Ina da wata wuƙar hannu ƙirar Buzaye da mahaifina ya bar mini, wadda na shekara goma sha biyar ina raba ta da kubenta duk damina, ina shafa mata mai kamar ƙwayar ido, kunya ta sa na miƙa ta ga wani maƙwabci. Ya yanka rago, ya yi fiɗa, ya sara ƙashi da ita alhali ga gatari a gidansa, sa'an nan ya cusa ta kube da jininta da kitsenta, bai aiko yaro da ita ba sai bayan Ashura. Bakinta ya yi giɓi uku, cikinta ya rarake da ramuka waɗanda babu yashi ko toka da za su fitar, kuben kuwa sai jefarwa. Da na yi magana ya ce, "Haba Malam, ƙarfe ne fa!" Wanda ya karanta Risala ya san malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa mai aro lamunin irin abin da ake iya ɓoyewa, wuƙa kuwa tana ciki, amma wane alƙali zai kimanta mini hannun mahaifina da ya lafe a jikin ƙotar? Har yau muna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan.

Tun daga wannan shekara na tsananta. Wuƙaƙena goma sha ɗaya suna cikin adaka bisa benci, nesa da bango, kowacce da ɗan shafin mai, naɗe cikin tsohon rawani, kubensu a wani buhu dabam, ina duba su kowace Juma'a bayan La'asar, na kuma haramta wa kowa taɓa su, har ni kaina sai da tsumma. Uwargida ta ce ba ta taɓa ganin gida mai wuƙa goma sha ɗaya da ake yanka albasa da gefen murfin gwangwani ba. Layyar bana kuwa, da na duba na ga babu wadda zuciyata za ta yarda jini ya taɓa, sai na tura yaro gidan liman ya aro mini tasa, kuma in Allah ya yarda cikin makon nan zan mayar.