Mai Sanƙo, Magini, Mawaƙin da Ba Ya Waƙa

Na san halinku. Da zarar na ce akwai tsuntsu mai sanƙo, kansa rawaya fes da baƙin tabo ɗaya a kowane gefe, wani zai kyaɓe baki ya ce, "Malam, ai ungulu kake nufi." A'a, ɗan'uwa, ungulu ba ta gina ɗaki. Wannan kuwa laka yake ɗebowa ya liƙa a jikin dutse ko bakin kogo, ya fitar da sheƙa kamar ƙoƙo, uwargida ta saka ƙwai biyu a ciki. Zanzaro ma sai ya sara masa.

Masana suna kiransa Pikatartis. Girmansa bai kai hankaka ba, mazauninsa kurmin Gini, Saliyo, Laberiya, Kwaddebuwa da Ghana. Bai damu da tashi sama ba. Tsalle yake yi daga dutse zuwa dutse, yana bin rundunar kwarkwasa. Duk ƙwaron da ya tsere musu, a bakinsa yake ƙarewa. Wayo ke nan, su yi farauta, shi ya ci nama.

Ga inda za ku fi yi mini dariya: a rajistar masana, cikin dangin tsuntsaye mawaƙa aka sa shi, amma da ƙyar ake jin muryarsa. Kar ku yi saurin tsaki. Ku ma kuna da wanda ake kira Sarkin Noma alhali rabonsa da fartanya tun yana saurayi.

"To wa ya taɓa ganinsa?" Madalla da tambaya. A 1954 wani Bature mai suna David Attenborough ya taso daga Ingila har Saliyo yana nemansa. A Ghana an yi shekaru ana zaton ya ƙare, sai a 2003 aka sake cin karo da shi. Yanzu masu yawon buɗe ido kan biya kuɗi a ƙauyen Bonkro, kudu da Kumasi, su zauna jugum a gindin dutse har yamma ta yi ya dawo gida. 'Yan Zango, yana bayan gidanku, baƙi sun riga ku gaisawa da shi.

Ku ma 'yan Najeriya kar ku washe baki. Ɗan'uwansa mai jan ƙeya da shuɗin goshi yana kurmin Kuros Riba da Kamaru. Gani ya kori ji. Sai dai in za ku je, ku bar surutun a gida, don shi ba ya son masu gardama.