Masu Rakiyar Ɗan Amana

Kamfanonin jirgin sama da yawa suna karɓar yaro shi kaɗai tun daga shekara 5. A cike takarda, a biya kuɗin kulawa, a rataya masa jakar takardunsa a wuya, ma'aikaciya ta kai shi har kujera. Yaron bai cika ba da wahala ba. Manyan da suka rako shi filin jirgin Malam Aminu Kano su ne abin kallo.

Ga Hajiya mai guzuri. Kano zuwa Abuja tafiyar kamar awa ɗaya ce, amma ta ɗaure masa dambun nama, cincin, yaji a gwangwanin madara da gorar zoɓo, kai ka ce Makka zai je a ƙasa. In ƙasar waje za shi, wajen bincike ake rabuwa da zoɓon, don ruwan da ya haura mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. Kilishi kuwa kwastan ɗin Ingila ba sa bari ya shiga. "Haba, yaro ne fa!" ita ce hujjarta.

Alhaji mai ba da amana ya fi burge ni. Shi tashar Unguwa Uku ya sani. Zai ƙare wa layi kallo, ya zaɓi dattijon da ya fi farin gemu, ya ce, "Malam, Legas za ka? To ga ɗanka nan." Malam ya ce ba komai, su sha hannu, babu wanda ya tambayi sunan wani. Ma'aikaciya tana miƙo takardar da za a rubuta sunan mai tarbar yaron da lambar wayarsa, sai ran Alhaji ya ɓaci, wai yanzu takarda ta fi mutunci.

Kaka rubutu ta kawo a gora. Da aka ce ba zai shiga ba, ta tsare jikan ya shanye tas a bakin ƙofa. Da ma wani ya tuna ya gaya masa inda ban ɗakin jirgi yake, kuma ƙarar da yake yi ba haɗiye mutum zai yi ba.

Akwai Kawu masanin jirgi, wanda rabonsa da sama tun zamanin Nigeria Airways, kamfanin da ya rufe a 2003. Labarin gargada zai yi ta bayarwa har idon yaron ya raina fata. Cikin laccarsa duka, shawarar tauna cingam saboda toshewar kunne ce kaɗai abin ɗauka.

Uwar, in ɗan fari ne, can gefe take tsayawa tana danna waya, ko sunansa ba ta kamawa. Ita ce kuma ta cusa lambarta a kowane aljihu, har cikin safa. Ita kaɗai ke bin ƙa'idar zama a filin sai jirgi ya ɗaga. Sauran tuni sun kama hanyar gida, ko da za a ɗage tashin.

A can Legas kuma ga Baffa mai tarba. Sunansa ne a takarda, an jaddada masa ya zo da katin shaida. Jirgi ya sauka, an kira shi, ya ce yana hanya, alhali ana jin ƙarar bokiti. Daga baya ya turo direba. Kamfani ya ce ba wannan sunan aka rubuta ba. Yaron yana ofis an ba shi biskit, Baffa kuwa yana ta faɗa a waya, wai ai kowa a unguwarsu ya san direban.